Allurar Inna Dela

Sa'ada ta riga ta zuƙi maganin a sirinji lokacin da Inna Dela ta janye hannunta.

"Ba yau ba, 'yar nan. Mubina na hanya."

Sa'ada nas ce a Gwarzo, katanga ɗaya ta raba gidansu da na tsohuwar a Lakwaya. Tun da ciwon daji ya shiga ƙashi likita ya sallamo Dela gida, Sa'ada ke duba ta. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ce, komai ya yi wuya, da ƙyar likitan ya samo wannan allura mai ƙarfi. Ƙanin Dela, Malam Ƙasimu, ya so ya hana, wai ya ji tana sa maye, daga baya ya ce lalura ce, a yi mata.

Amma Dela ta san allurar tana sa ta barci, ita kuwa so take 'yarta ta same ta ido biyu. Mubina na aure a Zariya, ga wahalar fetur, mota sai an yi sa'a.

Ciwon iri biyu ne, haka Dela ta taɓa gaya wa Sa'ada: ɗaya kamar ana daka mata ƙugu da taɓarya, ɗayan kuma ya bi ƙafa kamar an zuba garwashi. Ba ta kuka. Sai gumi, da yatsun da ke damƙe da bakin gado. Sa'ada ta juya ta, ta tokare mata baya da matashi, ta gasa mata ƙafa da tsumma mai ɗumi. Duk bai yi ba.

Bayan azahar Dela ta fara kiran mahaifiyarta da ta rasu tuntuni. Sa'ada ta durƙusa.

"Inna, ki bari in yi miki. Kafin Mubina ta iso kin farka."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon ƙofa, sannan ta miƙo hannu.

Mubina ta iso da la'asar, ta tarar da uwarta na barci, fuska a sake. Ta zauna ta riƙe hannunta tana jira. Dela ba ta farka ba. Kafin magariba rai ya yi halinsa.

Likita ya ce ciwon ne ya ci ƙarfinta, ba allurar ba, Sa'ada ma ta sani. Duk da haka, da Mubina ta rungume ta ranar sadakar uku tana godiyar sauƙin da ta sama wa Inna, sai Sa'ada ta zare jikinta. Ta fito tsakar gida. An shanya katifar Dela a rana, har yanzu da lotsawar jikinta a tsakiya, a dunƙule, kaji na kiwo a gefe.