Sunan da Tani Ba Ta Faɗa Ba

Kai da ka yi boko a Safana ko Batsari, ka sha ganin irin su Tani a layin ofishin jakadanci, ka kau da kai kamar ba ka san ƙauyen da suka fito ba. To ga abin da ya faru bayan ka wuce.

Tani mutuniyar Zakka ce, wani ƙauye a ƙasar Safana. Ɗanta na fari, Abdulmumin, yana kwance a asibiti a wata ƙasa mai nisa, inda ya je karatu ya zarce da aiki. Likitoci za su yi masa aikin zuciya, kuma ba su yi alkawarin zai tashi ba. Abu ɗaya ya roƙa, a kawo masa mahaifiyarsa kafin a shiga da shi.

Ƙanensa Sada, malamin makaranta a Safana, shi ya ɗauki ɗawainiyar neman biza. Fasfo, katin allurar shawara, wasiƙar asibiti, shaidar cewa za ta dawo gida. Ranar ɗaukar hoton yatsu na'ura ta yi ta ƙin karɓa, noma da sussuka sun cinye zanen hannunta, sai da aka shafa mata mai. Duk ta jure. Saura ganawa kawai a Abuja.

A mota Sada ya yi ta yi mata bita.

"Inna, in sun ce yaushe za ki dawo?"

"Kafin girbin dawa."

"Wata za ki faɗa musu, ba girbi ba."

"Su can ba su cin tuwo ne? Kai dai auta, boko ya sa ka raina kowa."

Ya tambaye ta komai, har sunan asibitin. Bai tambaye ta sunan ɗanta ba. Tun yana goye yake jin tana cewa Maigandi, ya san sarai matan garinsu ba su kama sunan ɗan fari, balle wannan da ya ci sunan surukinta. Ya sani, amma bai taɓa haɗa wannan da biza a ransa ba.

A ƙofar ofishin jakadancin aka tsayar da shi. Ita kaɗai ta shiga. Bayan gilashi ga wata jami'a, gefe ga tafinta, saurayi mai Hausar birni.

"Mama, ta ce wa za ki je gani?"

"Yarona."

"Sunansa?"

"Maigandi."

Jami'ar ta duba takardun gabanta, ta ɗago kai. Tafinta ya rage murya.

"Sunan yanka take nufi, Mama."

Sunan yana nan a bakinta. Ita ta ji shi da kunnenta ranar suna, daga cikin ɗaki, lokacin da liman ya yi sanarwa. Tun ranar bai taɓa fita daga harshenta ba, ko a cikin addu'a. Ta buɗe baki, kunya ta hana ta, ga baƙi, ga namiji tsaye yana kallonta.

"Ɗan nan, ai yana rubuce a gabanta. Ta karanta mana."

Tafinta ya fassara yadda ta faɗa, bai ƙara ko kalma ba. Ya san al'adar, wataƙila haka tasa uwar take yi, amma aikinsa fassara ce. Jami'ar kuwa an koya mata cewa wadda ba ta iya faɗin sunan mai gayyatarta ba, ƙarya take yi. Ta turo fasfo da wata 'yar takarda ta ƙarƙashin gilashi.

Tani ta fito da murmushi, ta ɗauka an gama.

Sada ya karanta, fuskarsa ta canja. "Inna, me kika ce musu? Sun ce ba su gamsu cewa ɗanki ne ba."

"Ba ɗana ba? To wa ya yi naƙudarsa?"

Babu ɗaukaka ƙara. Sai dai a sake nema daga farko, kuma ranar ganawa ta gaba tana bayan ranar aikin. A akori-kurar da ta ɗauko su daga Safana zuwa Zakka, Tani ta ja gyale ta rufe fuska, leɓɓanta na motsi. Tana ta gwada sunan a hankali, yanzu da ba mai tambaya. Aka shiga da Abdulmumin ɗakin tiyata babu uwarsa a bakin ƙofa.

Kada ka ce laifin tsohuwa ne. Ita ba ta san dokar ba, jami'ar ba ta san Zakka ba. Mu ne muka san duka biyun, muka yi shiru. Akwai wata Tani a unguwarku da za ta shiga wannan layi bana. Je ka zauna da ita, ka faɗa mata abin da za a tambaye ta, ka rubuta wa ofishin bayanin al'adar ka haɗa da takardunta. Yi haka kafin ta hau mota.