Harsashin da Bai Tsaya Ba

Ƙanena Zondiwe taurin kai gare shi kamar mutanen farko, ni da na goya shi na sani. Da aladun daji suka addabi masararmu a Lundazi, sai ya ɗauko bindigar marigayi babanmu, ya ce in raka shi Chipata sayen harsashi.

Mai shagon, tsoho Nyirongo, ya zube iri biyu a kan tebur. Ɗaya mai taushin baki ne, in ya shiga jikin alade sai ya baje ya tsaya a ciki. Ɗayan kuwa ƙarfe ne zalla har tsininsa.

"Mai ƙarfen nake so," in ji Zondiwe. "Ƙaton da ke jan garken nan fatarsa kamar tayar mota."

"Ɗana, wannan ba ya tsayawa fa. Ya huda alade, ya wuce neman wani. Mene ne a bayan gonarku?"

"Kurmi ne kawai, Baba."

Na ce, "Kurmin maƙabarta dai, inda aka binne babanmu. Can mata ke tsinko naman kaza, laimar kwaɗin nan da ake ci, har da matarka!"

"Yaya, ke dai tuƙa tuwo kika iya. Bar maza su yi magana."

Raina ya ɓaci, ina kallo ya sayi mai ƙarfen. Babanmu bai taɓa harba mai ƙarfen nan ba, duk da alade ne ya yi sanadin yanke masa hannun hagu.

Ranar Laraba da la'asar, bayan ruwa ya ɗauke, na ji ƙarar bindiga sau ɗaya. Zondiwe ya shigo yana washe baki, wai ƙaton ya faɗi, harsashi ya shiga ta nan ya fita ta can. Na tambaye shi ina Tisauke, matarsa. Nan take dariyar ta ɗauke. Tun azahar ta tafi kurmi da kwandonta.

Muna shirin fita da gudu sai ga ta tafe a hankali, kwando a kai, lafiyarta ƙalau. Amma fuskarta ba ta yi mini daɗi ba. Ta sauke kwandon, ta kwance bakin zaninta, ta miƙa wa mijinta wani abu. Harsashinsa ne, tsininsa ko lanƙwasa bai yi ba, kuma da ɗuminsa.

Ta kira shi da sunan ɗan farinsu ta ce, "Baban Lusungu, wani tsoho ya ce in kawo maka kayanka."

"Wane tsoho?"

"Ina durƙushe ina tsinka, na ji wani abu ya yi tas a bayan kaina, kamar an tafa. Ina waiwayawa na gan shi tsaye daf da ni, ya dunƙule hannu, jini na bin gwiwar hannun. Dogo ne, da gibi a haƙoran sama, hannun rigarsa na hagu a naɗe."

Kamannin babanmu ke nan sak. Tisauke kuwa 'yar garin Petauke ce, bayan rasuwarsa aka auro ta, ko hotonsa ba mu da shi.

Zondiwe ya ce, "Me kuma ya ce?"

"Ya ce in gaya maka, dama hannu ɗaya ya rage masa, ga shi yau ka ƙarasa shi. In ka sake harbowa, babu abin da zai tare harsashin da shi."