Zanen Gungun Inna

Ƙanena Basiru mai zane ne, kuma ni Halimatu na fi kowa tsokanarsa a kan haka. Ƙato da gemu, 'ya'ya huɗu, amma gari na wayewa sai ya tura kwalekwale cikin ruwa, ba komar kamun kifi ba ƙugiya, sai allo da fenti! Masunta su dawo da kifi, shi ya dawo da hoton kifi. Amma in za a faɗi gaskiya, rabin shagunan Yelwa aikin hannunsa ne a bangonsu, kuma in ya zana maka tafkin Kainji da hantsi sai ka ji kana son tsoma ƙafa.

Bara idon Innarmu ya fara dushewa. Likita bai ɓoye mana ba: kafin wata damina ba za ta ƙara ganin komai ba. Na yi kuka har na gaji. Ita kuwa abu ɗaya ta roƙa. An haife ta a wani gungu, tsibiri a tsakiyar kogin Kwara, wanda ruwa ya shanye lokacin da aka gina dam, tana 'yar shekara tara. Ko hoto ɗaya na wurin babu.

"Basiru," in ji ta, "ka zana ma kowa nashi. Zana min gungunmu in gani tun ina iyawa."

Sati biyu yana zaune gabanta tana lissafo masa: tsamiya, rumbuna, gonakin albasa, dutsen wanki. Har ya sa wani tsohon masunci ya kai shi daidai inda gungun yake kwance ƙarƙashin ruwa. Ya dawo ya zana, kuma wallahi ya yi kyau. Ga tsibiri can nesa, kore shar, inuwarsa na rawa cikin ruwa. Maƙwabta suka cika gidan suna ta salati.

Inna ta kawo allon dab da hancinta, ta jima, sannan ta ture shi.

"Wanga ba namu ba ne."

Raina ya ɓaci. "Haba Inna! Ga tsamiyar, ga rumbunan. Me kuma ya rage? Bawan Allah ya rame a kan aikin nan."

"Ke yi min shiru, sarkin baki," ta ce. Ta juya wajensa. "Daga ina ka tsaya ka dube shi?"

"Daga cikin jirgi, Inna. Haka nake zana kowane gungu."

"To ai shi ke nan. Baƙi ke ganin shi haka. Ni sau ɗaya tak na gan shi daga cikin jirgi, ranar da aka kwashe mu. Ranar ka zano min, ɗan nan, kuma ba na son ta."

Kunya ta kama ni har wuya.

Washegari na tarar da ƙaton nan durƙushe a tsakar gida, kansa daidai tsayin yarinya, yana leƙen ƙasan rumbunmu. Na ce, "Lafiya, ko kaza ka koma?" Ko kallona bai yi ba. Kwana goma ya yi yana aiki, ni kuma kullum ina lura da yadda Inna ke laluben butarta. Tsoro nake ji kada ya makara.

Sabon zanen ba shi da kyan na farko, ni dai a idona. Ƙafafun rumbu ne manya-manya, gindin tsamiya ba ganye, 'yar siririyar hanya ta ratsa cikin albasa ta gangara bakin ruwa. A kan hanyar ga wata mata da tulu a kai, ta ba mu baya.

Muka fito da Inna cikin rana. Ta matso da fuskarta, ta bi hanyar da ɗan yatsa a hankali har ta kai kan matar. Nan yatsan ya tsaya.

"Inna, ki yafe min," in ji Basiru. "Mahaifiyarki ce. Ba ki taɓa faɗa min kamannin fuskarta ba, shi ya sa na juya ta. Ki faɗa min yanzu in gyara."

"Na manta fuskar tun tuni," ta ce. "Kar ka taɓa ta. Haka nake ganinta kullum, tana gaba ina biye."

Sai ta ɗan ɗaga murya, irin ta yarinya, ta ce wa allon, "Inna, jira ni mana."