Sunan Ɗan Fari

Shekara biyu da samun mulkin kai aka rubuta Umaru cikin yaran da za su shiga lakkwal, wato makarantar boko, a Dogon Dutsi, aka kuma ce sai da hoto a takarda. Ubansa yana daji da shanu, kakar da ta rene shi ciwon ƙafa ya kwantar da ita. Dole uwarsa Habsatu ta biyo 'yan kasuwa da shi daga Sukukutane. Ɗanta ne na fari. Shekara bakwai ba ta taɓa furta sunansa ba, ba ta taɓa ƙura masa ido ba, don kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Ga shi gobe za ta bar shi a garin mutane.

Mai hoton, Ambroise, mutumin Dahome ne, Hausar ciniki kaɗai ya iya. Ya zaunar da yaro a benci, ya cusa kai cikin baƙin ƙyalle bayan akwatinsa mai ƙafa uku. Umaru ya sunkuyar da kai. Ambroise ya yi fito, ya tafa, har kukan akuya ya yi, yaro ko gezau.

"Madam, zo bayana, kira sunansa."

Habsatu ta rasa inda za ta sa kanta. Ga mata masu saida ƙosai sun zuba ido.

"Kai, wanga yaro," in ji ta, tana kallon ƙasa.

"Sunansa, madam! Ba ɗanki ba?"

Mi za ta ce wa baƙo? In ta ce ɗanta ne, ta yi rashin kunya. In ta yi shiru, ta yi musunsa a gabansa. Kanta ya ɗaure tamau, sai kawai ta ji bakinta ya ce, "Umaru."

Yaron ya ɗago, baki buɗe, ido cike da hawaye, yana neman wanda ya kira shi. Akwati ya yi ƙyas.

Da Ambroise ya wanke hoton sai ya girgiza kai. "Ya ɓaci. Lakkwal ba su karɓa wannan. A sake."

Habsatu ta miƙa hannu ta karɓi ɓataccen. Ta daɗe tana kallo. Ashe yana da wushirya, irin ta marigayi babanta. Tausayin yaron ya kama ta, ta juya wajen wata tsohuwa mai ƙosai.

"Inna, don Allah, shi ma wanga na cikin hoto ana jin kunyatai?"