Kogin da Aka Yi da Igiya

A ajin Malamar labarin ƙasa akwai wata yarinya da ba ta gani. 'Yan ajin suna kiranta Lauya, saboda ba a gama magana a gabanta ba ta yi tambaya ba. A layin gaba take zama, kusa da taga, kuma abin da aka faɗa sau ɗaya ya zauna mata ke nan.

Da karatu ya iso kan babban kogi da ƙasar da yake kwashe wa ruwa, sai Shugaban makaranta ya kira Malama ofis.

"Malama, darasin nan duk taswira ne," in ji shi. "Kada mu wahalar da yarinyar nan. A mayar da ita ajin tarihi, can sauraro ya isa."

"Yallaɓai, ita ta zaɓi labarin ƙasa da kanta."

"Na sani. Amma son abu daban, iyawa daban."

Ba mugun mutum ba ne, tsoron kada yarinyar ta faɗi jarrabawa yake yi. Daga ƙarshe ya ce kafin a rufe darasin zai shigo da kansa ya yi mata tambayoyi a kan taswira. In ta iya, ta zauna. In ta kasa, ta koma tarihi.

Malama ta samo kwali mai faɗi. Ta liƙa igiya mai kauri a matsayin babban kogin, daga duwatsun da ya faro har bakin teku, ta liƙa zare a matsayin ƙananan kogunan da suke zuba a cikinsa. Lauya ta ɗora yatsunta, ta bi igiyar sama da ƙasa, kafin a tashi ta haddace rassan duka a jere. Malama ta koma gida ranta fari.

Washegari ta kama yatsan yarinyar ta ajiye shi a fili, tsakanin zare biyu.

"Idan ruwan sama ya sauka a nan, ina zai bi?"

"Nan zai kwanta, Malama, ya zama tafki."

"Don me?"

"Ai kogunan sun tare shi. Ga su nan ina jin su, sun fi ko'ina tudu. Ruwa kuwa ba ya hawa tudu."

Aji ya kwashe da dariya. Wata daga baya ta ce, "Lauya ta ɗora kogi a kan katanga!"

Malama ta ɗaga hannu, aka yi shiru. Ta rufe idanunta ta shafa kwalin da kanta. Gaskiyar yarinyar ce. Mai ido yana ganin layi ya san kwari ake nufi, amma a ƙarƙashin yatsa igiyar kunya ce irin ta gona, ƙasa kuwa duk ta zama rami.

"Ba ki taɓa zuwa bakin kogi ba?" ta tambaye ta a hankali.

"Mun taɓa haye gada a mota, na ji ƙarar ruwan can ƙasa. Na ɗauka taswira ta fi ni sani ne."

Mijin Malama magini ne. Da yamma ta same shi a tsakar gida yana wanke kayan aiki, ta ce tana son ragowar simintin da ke cikin zaure, da tsohon ƙyauren da aka jingine bayan ɗaki.

"Me za a gina?"

"Ƙasa guda, da duwatsunta da kogunanta."

"To fa! Ni da ɗaki da falo na saba. Wa zai biya ni kwangilar duwatsu?"

"Allah zai biya ka, Baban yara. Kwaɓa dai."

Suka kwantar da ƙyauren, ya kwaɓa, ya zuba. Ta shiga kicin ɗauko cokali, kafin ta fito ya bi simintin ya goge shi sumul, ko'ina daidai kamar daɓen ɗaki.

"Wayyo, Baban yara! Ka share min duwatsu!"

Ya dubi aikin, ya dubi hannunsa, ya yi dariya. "Wallahi hannun ne ya tafi da kansa. Tun da nake ban taɓa barin ƙasa a karkace da gangan ba."

Suka sake. Wannan karon ita take nuna masa inda zai tara, yana tarawa yana gunaguni. Suka yi tudu a gefe ɗaya, suka bar shi yana gangarowa sannu a hankali. Da bayan cokali ta ja kwarin babban kogin, siriri a sama, yana buɗewa yayin da yake sauka. Da kan cokalin ta ja rassan, kowane ta tabbatar ya fi kogin tudu. A gefuna ta bar doron ƙasa, ta karkata bayansa waje.

Simintin ya ɗauki lokaci kafin ya bushe. Safiyar da aka turo shi makaranta a baro, aka ɗora a kan benci biyu ƙarƙashin bishiya, ita ce safiyar da Shugaba ya zo. Lauya ba ta taɓa shi ba ko sau ɗaya. Malama ta so ta roƙi a ɗaga tambayoyin, sai ta ga yarinyar ta riga ta naɗe hannun rigarta.

Lauya ta daɗe tana shafa simintin. Ta hau tudun da tafin hannu, ta sauko, yatsanta ya faɗa cikin kwari ya bi shi. Sannan Malama ta cika wani gwangwani da ta huda wa gindi da ruwa, ta riƙe shi sama. Ruwa ya fara sauka kamar yayyafi.

"Kai!" in ji Lauya. "Kogunan suna zuwa wurina!"

Shugaba ya gyara murya. "'Yata, me ya sa kogin ya fi girma a ƙasa?"

Ta sa yatsa ɗaya a sama, ɗaya a ƙasan mahaɗa. "Nan shi kaɗai ne, Yallaɓai. Nan kuma wannan ya kawo nasa, wancan ma ya kawo. Ba su tare ruwa, tattara shi suke yi."

"To ina iyakar ƙasar kogin? Babu layi a nan."

Malama ta ji hannunta ya yi nauyi da gwangwanin. Yarinyar ta lalubi gefe har ta sami doron, ta ajiye hannu ɗaya ciki, ɗaya waje.

"Malama, zuba min a nan, daidai kan tudun."

Malama ta zuba. Ruwan ya rabu biyu.

"Ga iyakar. Wanda ya jiƙa hannun damana na kogin nan ne. Na hagu ya tafi, ba namu ba ne, wani kogin zai nema."

Duk wannan lokaci ruwan yana taruwa yana gangarowa, Shugaba kuwa a daidai ƙarshen ƙyauren yake tsaye. Sai ji aka yi shaa, a kan takalminsa. Ya yi tsalle baya.

Lauya ta karkata kunne. "Ya isa teku ke nan?"

"Ya isa," in ji Shugaba, yana karkaɗe ƙafa, yara suna toshe baki. Ya dubi Malama. "Ta zauna a ajinta. Wannan abin kuma kada a mayar da shi gida, sauran azuzuwan ma su zo su jiƙa hannu."

Ya tafi takalminsa yana ƙara. Lauya ba ta ɗago ba. Ta danna babban yatsanta a bakin wani reshe ta toshe shi, ta ce a ƙaro ruwa, tana so ta ji inda zai bi.