Karatun Baba Ɗari Uku da Sha Biyu

Hussaini ya dangwarar da sabon filas ɗin kwamfuta a kan tebur har sai da wata sukudireba ta gangaro ƙasa.

"Ɗari uku da sha biyu na kawo maka. Sha tara ka ba ni. Ina sauran?"

Nasiru mai gyaran kwamfuta ya ɗago kai a hankali. "Malam Hussaini, ko sallama babu?"

"Sallamar ta jira. Ina karatun Baba?"

Mahaifin Hussaini malami ne a Ƙofar Sauri, bara ya rasu. Shekara shida ɗalibinsa Usman yana ɗaukar karatun zaure a waya yana juyewa a wani tsohon filas, kowane karatu ya sa masa sunan babinsa da Larabci. Wayar ta daɗe da mutuwa, don haka muryar Malam babu ita ko'ina sai cikin wannan ɗan abu. Da filas ɗin ya fara ɗaukewa ne Hussaini ya kawo shi jiya a juye a sabo.

Nasiru ya juyo da fuskar kwamfutar. "Zo ka gani da idonka. Waccan tawa ta ƙi buɗe shi, sai na sa a wannan mai Linux. Dubi tsohon naku."

Hussaini ya duƙa. Layi bayan layi, babu suna ko ɗaya, sai alamar tambaya. Wani biyar, wani takwas, har ƙasa.

"Bairos ne ya cinye sunayen," in ji Nasiru. "Da ina juyewa ta ce akwai mai irin sunan, in danne na farko? Na ce ta danne duka. Abu iri ɗaya, mi za a yi da shi sau ashirin?"

"Iri ɗaya? Ka saurara?"

"Ban saurara ba."

"Ba ka saurara ba, amma ka yanke wa mutum hukuncin shekara shida da yatsa ɗaya! Kai wane irin mai gyara ne?"

"Kar ka zage ni a shagona. Yanzu ma wanke tsohon zan yi, in goge komai, ya rabu da cutar."

Hussaini ya cafke masa wuyan hannu tun bai kai kan linzamin kwamfutar ba. "Wallahi ka wanke shi, ni da kai sai an raba mu."

Da ɗaya hannun ya lalubo waya ya kira ƙanwarsa Nafisa, wadda ke kula da kwamfutocin wani ofis a GRA. Ya zayyana mata cikin faɗa, rabi ba a ji.

"Yaya, sa ni a sifika. Malam Nasiru, ina wuni? Ba bairos ba ne. Irin wannan na'urar, in ka haɗa mata filas sai ka gaya mata da wane rubutu aka sa sunayen. Ba a gaya mata ba, sai ta ɗauka duk boko ne, harafin da ba ta sani ba ta sa alamar tambaya. Shi ya sa duk suna biyu masu tsawo ɗaya suka zama iri ɗaya a wurinta. Ba ka taɓa tsohon ba dai?"

"Bai samu dama ba," in ji Hussaini.

"To ka sauke shi, kar ka fizge. Ka sake haɗawa da abin da zan karanto maka. Kuma karantawa kawai za ta yi, kar ta rubuta komai a kai."

"Hajiya, shekara goma ina wannan aikin."

"To yau ka yi shi daidai," Hussaini ya ce, ya sakar masa hannu.

Nafisa ta yi ta karanto haruffa ɗaya-ɗaya, Nasiru yana bugawa fuska a murtuke. Ta ƙare da u, t, f, takwas. Ya danna. 'Yar fitilar filas ɗin ta ɗauke, ta dawo, ta sake ɗaukewa. Can sai layukan suka fito, duk Larabci, daga dama zuwa hagu. A ƙasa an rubuta 312.

Sai da suka juye kaf a sabon sannan Nasiru ya ja numfashi. "Zaɓi ɗaya mu gwada."

Hussaini ya ƙura wa sunayen ido. Babu wasali ko ɗaya. Shi iyakarsa karatun allo, tun yana yaro ya koma kafinta. Ya daɗe a tsaye, bakinsa yana motsi.

Nasiru ya dube shi, ya dubi kwamfutar. "Na farkon, babin sallar matafiyi," ya faɗa ƙasa-ƙasa, ya kunna.

Aka ji gyaran muryar Malam. "Usmanu, rage fankar nan, tana kwashe mini takardu."

Hussaini ya zauna a kan bencin da bai lura da shi ba tun shigowarsa.

"In kana so in mayar maka da sunayen boko, ka riƙa ganewa," in ji Nasiru.

"Bar su yadda suke." Ya share fuska da hularsa. "Karanto mini na biyun."