Fitilun Falon Alhaji Audu

Sabobi biyu ne a situdiyon Alhaji Audu da ke Gyaɗi-Gyaɗi, manyan kwamfutocin da ake jibge bidiyon bukukuwa a ciki. Kafaɗa da kafaɗa suke a kan teburi ɗaya, amma in aka tura fayil daga wannan zuwa waccan, sai mutum ya ci tuwo, ya wanke hannu, ya yi gyangyaɗi, bai isa ba.

Saratu aka ɗauka ta gyara. Alhaji ya faɗa mata ba kwana-kwana: in Juma'a ta zo abin yana jan ciki, ta nemi wani wurin. Ita kuwa ta sha zaman gida da kwalin digiri a ƙasan akwati, ba ta marmarin komawa.

Ta gwada sabobin, lafiyarsu lau. Sai ta bi sawun wayar da ke bayansu. Maimakon ta shiga maƙwabciyarta, wayar nan rufi ta haura, ta hau eriya, eriyar kuma ta fuskanci Tarauni, gidan Alhaji. Wato kowane fayil sai ya je ya gaishe shi kafin ya dawo ya tsallaka teburi. Saratu ta ja tsaki, ta zaro gajeren kebul daga jakarta, ta haɗa sabobin kai tsaye. Kafin ta gyara zama fayil ya wuce.

Ba a jima ba sai ga Alhaji, hula a karkace.

"Wa ya tashe ku daga aiki? Fitilun falona sun daina ƙiftawa!"

Ashe ɗan akwati ya sa aka girke masa kusa da talabijin, komai sai ya bi ta ciki. Yana kishingiɗe yana kallo: in fitilu na ƙyalli, ma'aikata na aiki, in sun tsaya, zaman banza suke. Iyakar abin da ya sani game da sana'arsa ke nan.

"Yallaɓai, ai zuwa gidanka ne ke jawo jinkirin."

"Mayar yadda yake."

"In na mayar, zai koma jan ciki. Ga kuma Juma'a."

"Wannan ke ta shafa. A bar mini fitiluna, kuma abu ya yi sauri."

Ta so ta daure, don tana bukatar aikin nan. Amma raini ya riga ya cika mata ciki, dariya ta kufce mata a gaban ma'aikata. Alhaji ya nuna mata ƙofa. Ta cire kebul ɗinta, ta mayar da tsohuwar waya, ta fita.

Daga baya Yusuf mai haɗa bidiyo ya ba ta labari da suka haɗu a Unguwa Uku. Ranar da aka kore ta, fayil ɗaya ya wuni yana rarrafe, fitilu ba su huta ba. Washegari Alhaji ya shigo yana fara'a, ya ce tun da ya kori yarinyar nan aiki ya kankama.